Hasumiyar kankare a kan dutsen shekara 400: abin da baƙo ke gani a fadodin yaƙin Japan

Duk wanda ya taɓa neman hoton birnin Osaka a intanet ya ga ginin nan: farar hasumiya mai koren rufi, hawa kan hawa, da adon zinare a ƙoli, zaune a kan tudun manyan duwatsu. Hoton kan sa mutum ya ɗauka ginin ya ga jiya ya ga yau. To in ka yanki tikiti ka shiga, lifta ce za ta tarbe ka. Ga allunan bidiyo, ga akwatunan gilashi cike da sulke da takubba, ga shagon tsaraba. Bangon kankare ne da ƙarfe a ciki, kuma a 1931 aka kammala shi.

Baƙi da yawa kan fito suna ganin an yi musu rufa-ido. Ni dai ina ganin hukuncin ya yi sauri. Tambayar "na asali ne ko jabu?" ba ta isa ta warware zancen fadodin Japan ba, domin a fili ɗaya za ka tarar da abu na 1620 da na 1931 da na 1997 a cakuɗe, kowanne da labarinsa. Matsalar baƙo ita ce idonsa na kan hasumiya, alhali sau da yawa ita ce ƙaramar yarinya a gidan.

Inda tsofaffin suka tafi

A duk faɗin Japan, hasumiyoyin da suka tsira tun zamanin Edo, wato kafin 1868, guda 12 ne kacal. Japanawa na kiran irin wannan hasumiya tenshu. Biyar daga cikin 12 ɗin, Himeji da Matsumoto da Inuyama da Hikone da Matsue, gwamnati ta sa su a jerin taskokin ƙasa. Duk sauran da ake gani a hotunan yawon buɗe ido, sabon gini ne.

Ba yaƙi kaɗai ya ci su ba, hasali ma takardar gwamnati ta fi wuta ɓarna. A zamanin yaƙe-yaƙen basasa na ƙarni na 15 da na 16, sansanoni da ganuwoyi sun kai dubbai, galibinsu na ƙasa da itace a kan tsaunuka. Da gidan Tokugawa, zuriyar da ta mulki Japan a zamanin Edo, ya gama da abokan hamayyarsa a 1615, sai ya kafa doka cewa kowane sarkin yanki fada ɗaya zai riƙe, ya rushe saura. Ko gyaran bango sai da izinin shogun, wato shugaban mulkin soja na gidan Tokugawa. Haka aka zauna shekara 250 da ɗoriya. Da mulki ya koma hannun sabuwar gwamnatin sarki Meiji, aka soke sarautun yankuna a 1871, a 1873 kuma aka raba fadodin gida biyu: waɗanda soja zai riƙe, da waɗanda za a sayar. Mutanen wancan lokaci ba su ɗauke su kayan tarihi ba. Ragowar tsohon mulki ne masu cin kuɗin gyara. An yi gwanjonsu, an kwashe katako da rufi, an mai da filayen bariki da makarantu da ofisoshi. Matsumoto ta tsira ne don wani ɗan gari, Ichikawa Ryozo, ya tashi tsaye ya nemi a bar ta bayan an riga an yi gwanjonta.

Ragowar kuma 1945 ta same su. Bama-baman Amurka sun ƙone hasumiyoyin Nagoya da Okayama da Wakayama da Fukuyama da Ogaki. Ta Hiroshima bam ɗin nukiliya ne ya kifar da ita ranar 6 ga Agusta.

Akwai wani abu da ya kamata a sani tun kafin a je: sarki ba a hasumiyar yake kwana ba. Oda Nobunaga, wani babban sarkin yaƙi na ƙarni na 16, ya zauna a tasa a Azuchi, amma shi daban ne. Yawancin sarakunan suna zaune ne a gidan sarauta mai hawa ɗaya a gindin hasumiya, a can ake fadanci da karɓar baƙi. Hasumiyar ta kasance rumbun makamai, mafakar ƙarshe in an ci gari, kuma uwa uba alamar iko ga mai hange daga nesa. Shi ya sa da ta birnin Edo, Tokyo ta yanzu, ta ƙone a babbar gobarar 1657, mahukunta suka ce gina gari ya fi, suka bar ta. Shogun ya ci gaba da mulkin Japan shekara 200 da ɗoriya ba tare da ita ba.

Osaka: gini uku a wuri ɗaya

Toyotomi Hideyoshi, sarkin yaƙin da ya riƙe Japan kafin gidan Tokugawa, shi ne ya fara gina fadar Osaka a 1583. Hasumiyarsa baƙa ce mai adon zinare, kuma ta ƙone a 1615 lokacin da rundunar Tokugawa ta ci garin. Abin da Tokugawa suka yi bayan nan ya wuce gyara. Daga 1620 suka tara ƙasa suka binne fadar Hideyoshi da bangayenta, suka ɗora tasu a kai, mafi tsayi da faɗi, don kada a ƙara tuna mai gidan farko. Sarakunan yankuna fiye da 60 aka ɗora wa aikin, kowa da yankin bangon da zai gina da kuɗinsa, wanda hakan ma hanya ce ta tatse aljihunsu. Hasumiyar Tokugawa ta tsaya a 1626, aradu ta faɗa mata a 1665, ta ƙone. Daga nan tudun ya zauna wayam har shekara 266.

Wanda ya ɗauko zancen sake ginawa shi ne magajin garin Osaka, Seki Hajime, a 1928, albarkacin bikin naɗin sarki Hirohito. Mutanen gari suka yi karo-karo, cikin 'yan watanni aka tara yen miliyan ɗaya da rabi. Sai dai filin a hannun soja yake, kuma soja bai bayar a banza ba: kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi wajen gina wa runduna ta huɗu hedikwata a cikin harabar. Ginin yana nan har yau a gefen filin, mai kamar tsohon gidan Turawa, yanzu gidajen abinci da shaguna ne a ciki. Baƙi kan shiga su sha shayi ba su san cewa shi ne farashin hasumiyar da suka zo gani ba.

Masu zanen 1931 ba su da taswirar ginin Hideyoshi. Abin da suka dogara da shi wani tsohon zanen yaƙin 1615 ne da aka yi a kan allon kare ɗaki mai naɗewa. Sai suka ɗauko siffar hasumiyar Toyotomi suka faɗaɗa ta, suka ɗora a kan tudun Tokugawa, wanda ba a wurinsa ta asali take ba. Hawa na ƙoli baƙi da damisoshin zinare, na ƙasa farare. Ginin da ya fito bai taɓa wanzuwa a kowane zamani ba kafin 1931.

Duk da haka, yi lissafi. Ta Hideyoshi ta yi shekara 30 ko kusa da haka. Ta Tokugawa 39. Ta kankaren nan ta haura 90, ta ga ruwan bama-baman da aka yi wa masana'antar makaman da ke maƙwabtaka da ita ranar 14 ga Agustan 1945, ta tsaya. A 1997, bayan babban gyara, gwamnati ta yi mata rajista a matsayin kayan tarihi. A tarihin Osaka babu hasumiyar da ta daɗe kamarta. Wanda ya kira ta jabu, sai ya faɗa mana jabun wacce.

Abin da ya tsufa da gaske yana ƙasa. In ka shigo ta Ƙofar Sakura, kafin ka ɗaga kai ka hangi hasumiya, bango ne zai tare ka, kuma a cikinsa akwai dutse guda ɗaya da ake kira Tako-ishi. Tsayinsa ya haura mita 5, faɗinsa ya haura 11, nauyinsa an ƙiyasta ya haura tan 100. Sarkin Okayama ne ya kawo shi, kamar yadda aka riƙa jigilar manyan duwatsun fadar ta jirgin ruwa daga tsibiran tekun Seto. Masu bincike sun gano ba shi da kauri sosai, falle ne aka kafa a tsaye, wato ko a wancan zamani burga na cikin aikin. Matsa kusa da sauran bangayen, za ka ga ƙananan tambura da aka sassaƙa a jikin duwatsu, da'ira ko murabba'i ko wata alama, shaidar gidan sarautar da ya kawo kowanne. A gefen wasu kuma akwai jerin ƙananan ramuka kamar haƙora, inda masu fasa dutse suka kafa ƙarafa suka tsaga shi. Wannan hannun mutanen shekarun 1620 ne, ba wanda ya taɓa shi. Haka gwalalon ruwan da ya kewaye fadar, da wasu ƙofofi da ɗakunan tsaro na kusurwa. Bangon Hideyoshi ma da aka binne, masu haƙa sun ci karo da shi a 1959, mitoci a ƙarƙashin ƙafar masu yawo.

Me ya sa kankare?

Yawancin hasumiyoyin da ake gani yau 'ya'yan shekarun 1950 da 1960 ne. Hiroshima da Wakayama a 1958, Nagoya a 1959, Kumamoto da Odawara a 1960, Aizu-Wakamatsu a 1965, Okayama da Fukuyama a 1966. Yawancin mutanen da suka gina su sun ga garuruwansu na katako sun zama toka a dare ɗaya. Ba abin mamaki ba ne su ce wannan karon abin da wuta ba ta ci za su gina. Dokar gine-gine ta 1950 ma ta taƙaita tsayin ginin katako, ga manyan itatuwa sun yi wuya, ga kankare ya fi araha da sauri. Kuma garuruwan suna son gidan tarihi, to ga wuri ya samu.

Masana a Japan ba sa zuba su duka a kwando ɗaya. Akwai wadda aka kwaikwayi siffarta ta waje daidai bisa hotuna da awo, cikin ne kawai na zamani, kamar Nagoya da Kumamoto. Akwai wadda tabbas an taɓa yin hasumiya a wurin amma sabuwar ta sha bamban, kamar Osaka, ko Kokura da aka ƙara wa rufinta ado don ta fi kyau a ido. Sai kuma wadda ba ta da tushe ko kaɗan. Ta Atami, da aka gina a 1959 a garin wankan ruwan zafi, babu wata hasumiya da tarihi ya san ta taɓa tsayawa a wurin. Don 'yan yawon buɗe ido aka yi ta. In akwai wadda ta cancanci a kira jabu, wannan ce, kuma ita ma ba ta ɓoye ba.

Daga shekarun 1990 iska ta juya. Shirakawa Komine a 1991, Kakegawa a 1994, Shiroishi a 1995, Ozu a 2004, duk da katako aka gina su, da kafintocin da suka gaji aikin gidajen ibada. Ozu ta yi sa'a: akwai tsofaffin hotunanta, akwai kuma ƙaramin samfurin ƙashin ginin na itace da ya rage tun zamanin Edo, don haka ba a yi ta da ka ba.

Su ma 12 ɗin ba yadda ake zato suke ba

Shiga Himeji daban ne da shiga Osaka. A ƙofa za ka cire takalmi ka riƙe a leda. Daɓen katako ne mai sanyi, ɗakunan duhu-duhu kuma kusan babu komai a ciki sai maratayan bindiga da mashi a bango. Matakalar a tsaye take kamar tsani, sai ka sunkuya kada gungumen sama ya buge ka. Ga ƙananan tagogin harbi, ga ramukan da ake sako duwatsu kan mai hawa bango. Nan ne mutum zai gane cewa ginin ba don jin daɗi aka yi shi ba.

Amma Himejin da aka kammala a 1609, wadda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1993, an kwance babbar hasumiyarta gaba ɗaya tsakanin 1956 da 1964, gungume bayan gungume, aka sake haɗawa. Ɗaya daga cikin manyan ginshiƙanta biyu na tsakiya ya ruɓe, aka maye shi da sabo, na itatuwa biyu da aka haɗa. Tushen kuma, da aka ga ƙasa na nutsewa, aka kwashe duwatsun gindi aka zuba kankare. Wato hasumiyar da ake kafa misali da ita wajen asali, a kan kankare take zaune. Maruoka girgizar ƙasa ta 1948 ta kayar da ita, aka tsince katakanta aka sake tayarwa a 1955. Hirosaki kuwa a 2015 aka ɗaga ta ɗungurungum aka ja ta kusan mita 70 don a gyara bangon da ke ƙarƙashinta.

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ba zai sha wahalar gane wannan ba. Ganuwar da ake yi wa yaɓe bayan kowace damina, ƙasar jikinta ta sauya sau nawa, amma ba wanda ya ce ba ita ba ce. Gardamar kan tashi ne ranar da aka rushe ƙofar gari aka mai da ita ta siminti don titi ya samu faɗi, kamar yadda aka yi wa wasu ƙofofin Kano. Ginin katako ma haka yake, rayuwarsa a gyara take. Wannan fahimta ce Japan ta kai gaban duniya a taron Nara na 1994, inda masana suka amince cewa ba tsufan kayan gini kaɗai ake dubawa wajen auna asali ba, har da siffa da fasaha da amfani da al'adar masu wurin.

A nan ne masu rubutu kan jawo misalin wurin ibadar Ise, wanda ake sake ginawa duk shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, su ce ai Japanawa ba su damu da tsohon abu ba. Ban yarda da wannan ba. Na Ise ibada ce, da itace da kafintoci da tsarin da ba ya sauyawa. Ba ita ta sa aka zuba kankare a Nagoya ba, wuta da talauci da doka ne suka sa. Kuma da ba su damu da tsohon abu ba, da mutanen Kumamoto ba su yi abin da suka yi ba.

Girgizar ƙasa ta Afrilun 2016 ta zubar da bangaye da dama a fadar Kumamoto. Hasumiyar kankaren ta 1960 an gyara ta an buɗe a 2021, wannan shi ne mai sauƙin. Bangayen ne aikin. Kowane dutsen da ya faɗo an rubuta masa lamba, an jera su a fili, ana gwada fuskarsa da tsofaffin hotuna, har da taimakon kwamfuta, don ya koma gurbin da ya fito. Dubun-dubatar duwatsu ke nan. Hukumar birnin ta ce aikin zai kai 2052. Sun kuma gina wata doguwar gadar ƙafa a sama don baƙi su riƙa kallon ɓarnar da gyaran, kuma a ganina wannan ya fi abin da ke cikin hasumiyar koyarwa.

Rigimar Nagoya

Kankaren 1950 da 1960 yanzu ya tsufa, kuma da yawansa bai cika ƙa'idar girgizar ƙasa ta yau ba. Kowane gari sai ya zaɓa: ya ƙarfafa, ya rushe ya koma katako, ko ya rufe. Nagoya ce ta fi kowa shiga tsaka mai wuya.

Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa mulkin gidan Tokugawa, shi ne ya ba da umarnin gina ta a 1610, hasumiyar ta tsaya a 1612, da kifayen zinare biyu a ƙolin rufi. Ta ƙone ranar 14 ga Mayun 1945. Sa'ar da aka yi, tun a shekarun 1930 an auna ginin ciki da waje, an zana, an ɗauki ɗaruruwan hotuna, kuma takardun sun tsira. Babu fadar da ke da hujjar sake gini kamar Nagoya. Da su aka sake gina gidan sarautar da ke gindin hasumiya, da katakon hinoki, wani itacen Japan mai ƙanshi, aka gama a 2018, da zanen damisoshi a ƙofofin zamiya da adon zinare a silin. Mai shiga yakan fara jin ƙanshin itacen tun daga baranda.

Magajin gari na lokacin, Kawamura Takashi, ya ce haka za a yi wa hasumiyar ma, a kan kuɗi kusan yen biliyan 50. A Mayun 2018 aka rufe ta kankaren. Daga nan abu ya cije. Masanan bangayen dutse suka ce rushe ginin da kafa sabo na iya lalata tudun, wanda shi ne tsoho na gaskiya tun zamanin Edo, kuma hukumar al'adu ta ƙasa ba ta ba da izini sai an gamsar da ita a kan wannan. Sannan ga zancen lifta. Magajin gari ya nace cewa gini na asali ba shi da lifta. Ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman suka ce ginin jama'a ne, da kuɗin jama'a, a ƙarni na 21, kuma wanda ake shirin rushewa yana da lifta. Ta yaya sabon zai hana mai keken guragu abin da tsohon ya ba shi? A wani taron jin ra'ayin jama'a a Yunin 2023 wasu mahalarta suka ci mutuncin wani mai keken guragu, jami'ai ba su tsawatar ba, birnin ya nemi afuwa, shirin ya sake tsayawa.

A wannan gardama ina tare da masu lifta. Sabon ginin dole zai samu na'urar kashe gobara, da wayar lantarki, da ƙarfafawar girgizar ƙasa, da hanyar tsira, kuma ba ɗaya cikinsu da kafintocin Ieyasu suka sani. In an yarda da waɗannan don ran masu ƙafa, ban ga hujjar tsayawa a kan lifta kaɗai ba. Hasumiyar katakon da za a gama a wannan ƙarni ginin wannan ƙarni ce, komai kyawun kwaikwayon. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: ta 1959 da ake son rushewa, mutanen da suka tsira daga wutar 1945 ne suka zuba gudummawarsu aka gina ta. Ita ma shaida ce.

Katako kuma yana da nasa haɗarin. Fadar Shuri a Okinawa, ta sarakunan Ryukyu, yaƙin 1945 ya shafe ta, aka sake gina babban zaurenta da itace a 1992, sai gobara ta cinye shi cikin dare ranar 31 ga Oktoban 2019. Rajistar UNESCO ta wurin ba ta faɗi ba, don tun a 2000 ba zauren aka yi wa rajista ba, kufan da tushen dutsen da ke ƙarƙashinsa aka yi wa. An koma aikin gini, wannan karon da na'urorin yayyafa ruwa a cikin zauren, abin da na 1992 bai da shi.

Kawamura ya bar kujerar magajin gari a 2024 ya tafi majalisar ƙasa. Wa'adin da aka sa wa hasumiyar katakon, 2022, ya wuce ba a ko fara rushe tsohuwar ba, ga katakon da aka riga aka saya yana ajiye a rumbuna ana biyan kuɗin ajiya. Baƙon da ya je Nagoya zai ɗauki hoton hasumiyar daga waje, ya cire takalmi ya shiga gidan sarautar 2018, in yana da lokaci kuma ya zagaya ya duba ɗakunan tsaro uku na kusurwa da wutar 1945 ta bari.